Ƙanena ya nemi kwangila a ofishina

Wasiƙun da suka shigo mini wannan watan kamar an haɗa baki: kansila ko ma'aikaci ya tsinci kansa tsakanin aikinsa da wani nasa. Na zaɓi huɗu. Kamar kullum na cire sunaye, domin wanda ya kawo tambaya bai ce a tona masa asiri ba. Ina kuma ƙara tunatarwa, ni ba lauya ba ne. Tsohon magatakardan majalisar ƙaramar hukuma ne, wanda ya shekara 26 yana rubuta abin da aka faɗa a zama, wani lokacin kuma yana barin abin da ya kamata ya rubuta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni kansila ne mai gafakar ayyuka. An fitar da sanarwar gina kwalbatoci uku, kamfanoni biyar suka nema, ciki har da na ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Wallahi Baba ba ni da ko sisi a kamfanin, kuma kowa ya shaida aikinsa ya fi na sauran inganci. Ina cikin kwamitin da zai zaɓa. Wasu na cewa in janye, ni kuma ina ganin zalunci ne a hana mutum neman halalinsa don kawai yayansa na kan kujera. Ya zan yi? (Daga wani kansila)

AMSA: Wa alaikumus salam, Honarabul. Na yarda ba ka da sisi a kamfanin, na kuma yarda ƙanenka gwani ne. Sai dai duka biyun ba su ne abin da doka ta tambaye ka ba. Jadawali na Biyar na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, sakin layinsa na farko cewa ya yi kada jami'in gwamnati ya jefa kansa a inda buƙatar kansa za ta ci karo da aikin da aka ɗora masa. Ka lura da kyau, bai jira sai ka ci ba, tsayuwa a wurin ma an hana. Kashi na biyu na jadawalin kuma ya ambaci shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli da ma'aikatanta ƙarara, saboda haka kada wani ya ruɗe ka da cewa wannan doka ta gwamnoni da ministoci ce.

Za ka ce ai buƙatar ƙanenka ce, ba taka ba. To, in ya samu, nauyin wa zai ragu a hidimar gidanku? In ya rasa, wa mahaifiyarku za ta kira da daddare ta ce ashe da kai a wurin aka hana ɗan'uwanka? Duk mutumin da samunsa zai faranta maka, rashinsa kuma ya hana ka barci, buƙatarsa ta zama taka.

Na zauna a irin wannan zama sau ba adadi. Mai ɗan'uwa cikin masu nema ba ya buɗe baki, don ba ya buƙata. Ana zuwa kan fayil ɗin sai ya sunkuyar da kai ya shiga latsa waya. Shugaba ya dube shi ta wutsiyar ido. Injiniyan da ya zo da gyara uku a takardarsa ya karanta ɗaya ya haɗiye biyu. Sauran su ɗaga hannu, domin kowa ya san nasa fayil ɗin na nan tafe, a yi mini yau in yi maka gobe. Mutumin ya fito yana rantsuwa bai ce uffan ba, kuma bai yi ƙarya ba. Zamansa ne ya yi masa maganar.

Zaɓen ma shi ne mai sauƙi. Wahalar tana bayan an bayar. Wa zai je ya duba ko rodin da aka sa ya kai kaurin da aka rubuta? Wa zai ce a fasa a sake idan an yi wa siminti ƙwauro? Takardar shaidar kammala aiki, wadda sai da ita ma'aji zai biya, ta sashenka za ta bi. Ranar da ƙaramin injiniya ya ga tsaga a jikin kwalbatin ƙanen ogansa, me kake jin zai rubuta?

Bari in ba ka labarin laifina. Shekarun baya muna da wani kansila, mutumin kirki, wanda ɗan yayarsa ya nemi aikin gyaran wani ɗakin shan magani. Da aka zo kan maganar sai ya ce cikin raha, ku sani fa ɗana ne. Aka yi dariya, aka wuce, ya zauna aka ƙarasa da shi. Ni da biro a hannu ban rubuta ba, na ɗauka wasa ne. Yaron ya yi aiki mai kyau, ginin har yanzu yana tsaye. Bayan shekara uku mulki ya sauya hannu, masu binciken kuɗi suka zo suka buɗe littafin zama. Ga sunan kansila cikin waɗanda suka amince, ga alaƙarsa da ɗan kwangila kowa ya sani, babu layi ɗaya da ya nuna ya faɗa. Ya zo gidana da yamma ya ce, Malam, ai kana wurin na faɗa. Na ce ƙwarai ina wurin. Amma shaidar bakina ba ta goge abin da littafina ya nuna ba. Ba a ɗaure shi ba, sai dai har ya bar duniya ana nuna shi da baki, kan ginin da ko bulo ɗaya bai ci ba. Tun daga ranar, ko tari kansila ya yi kan fayil ɗin ɗan'uwansa sai na rubuta.

Saboda haka abin da za ka fara yi, tun kafin a buɗe takardun masu nema, ka rubuta wa shugaba wasiƙa ka ce kamfani kaza na ƙanenka ne, ka ba magatakarda kwafi. Ranar zama ka maimaita da bakinka, ka tabbatar an shigar a littafi, sannan ka tashi ka fita. Fita nake nufi, har ka yi nisan da ba a ganin inuwarka ta taga. A rubuta lokacin da ka fita da lokacin da ka dawo. Kada ka leƙa farashin sauran kamfanoni huɗun, kada ka kira wani ɗan kwamiti ka ce a duba maka yaro. Idan duk da haka ƙanenka ya ci, duba aikin da sa hannu kan biyansa su koma hannun wani.

Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a yi. In ra'ayina kake so, tunda kai ne mai gafakar ayyuka, ƙanenka ya haƙura da wannan gaba ɗaya. Injiniyoyin da za su duba shi a ƙarƙashinka suke ko ka fita ko ba ka fita ba. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, a ɗaya kaɗai yayansa ke riƙe da ayyuka, kuma na ɗan wa'adi. Gwani ba ya rasa wurin aiki. Zai ji haushi, haka ne, amma haushin ɗan'uwa yana hucewa, tambarin cin amana kuwa har jikoki sai sun gāda.

Ka kuma san cewa maganar ba ta tsaya kan ɗa'a ba. Dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, ta shekarar 2000, sashe na 19, ta tanadi ɗaurin shekara 5 ba zaɓin tara ga jami'in da ya yi amfani da muƙaminsa ya samar wa kansa ko ɗan'uwansa ko abokin hulɗarsa wata alfarmar da ba ta dace ba. Sashe na 12 kuma ya tanadi shekara 7 ga wanda ke da hannun jari, a fili ko a ɓoye, cikin kwangilar da ta fito daga ofishinsa. Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Ingila, dokar 2011 ta wajabta wa kansila ya yi rajistar harkokin kuɗinsa da na matarsa ko mijinta cikin kwana 28 da hawa kujera, kuma jefa ƙuri'a kan abin da yake da kaso a ciki laifi ne da zai iya hana shi zama kansila har tsawon shekara 5. Abin da ya burge ni a tsarinsu shi ne rajistar a buɗe take, kowa na iya dubawa.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni akawu ce a ofishin ma'aji, ni ke shirya bauca, wato takardar biyan kuɗi. Akwai wani ɗan kwangila da duk lokacin da aka biya shi sai ya bi mu tebur tebur da ambulan, ya ce a sha ruwa. Ban taɓa roƙonsa ba, ban taɓa tsallake layi don shi ba. Wannan karon sabuwar waya ya aiko mini. Kowa a ofis yana karɓa, in na ƙi za a ce ina nuna na fi kowa tsoron Allah. Tunda bayan an gama aiki yake bayarwa, ai ba cin hanci ba ne ko? (Daga wata ma'aikaciya)

AMSA: 'Yata, kin ce bayan an gama aiki yake bayarwa. Wane aikin? Na watan jiya ya ƙare, na watan gobe yana hanya. Ɗan kwangila ba ya godiya kan abin da ya wuce, shuka yake yi. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da baucarsa ta zo babu rasit ɗaya, da wayarsa a jakarki, ki gaya mini da wane baki za ki ce a mayar masa.

Doka ta riga ta san wannan dabarar. Sakin layi na 6 na ƙa'idojin ɗa'a ya ce duk kyautar da jami'i ya karɓa daga kamfani ko mutumin da ke da kwangila da gwamnati, za a ɗauka an karɓe ta ne ta haramtacciyar hanya, sai in mai karɓar ya tabbatar da akasin haka. Wato nauyin kawo hujja a wuyanki yake. Kyautar da aka yarje ita ce ta 'yan'uwa da abokan arziki, daidai gwargwado, a lokutan da aka saba yi. Mutumin da kika sani ta tagar biyan kuɗi ba ya cikin waɗannan.

Ma'aunin da ya fi kowane sauƙi kuwa ya girmi kundin tsarin mulki da ƙarnuka. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tura wani mutum, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware kaya ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya nuna rashin yardarsa, ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Ki auna wayar da wannan. In gobe aka mayar da ke sashen rajistar haihuwa, zai biyo ki can da ambulan?

A Ingila an yi wani mai zanen gine-gine, John Poulson, wanda ya gina daularsa da irin wannan alheri: tafiye-tafiyen hutu, gidaje, motoci, duk ga kansiloli da ma'aikatan da ke da ta cewa kan kwangila. Abin da ya kashe su shi ne mutumin yana rubuta komai. Da kasuwancinsa ya karye a 1972 aka buɗe littattafansa, sai ga sunaye jere. A 1974 aka ɗaure shi, hukuncinsa ya kai shekara 7, T. Dan Smith tsohon jagoran majalisar birnin Newcastle kuma ya samu shekara 6. Poulson bai daina cewa shi mai kyauta ne kawai ba. Ki sa a ranki cewa mai bayarwa yana da lissafi ko ke ba ki da shi.

Game da abokan aiki, ba sai kin yi wa kowa wa'azi ba. Ki mayar da wayar a kwalinta ta hannun wanda ya kawo, ki ce a gaya wa Alhaji kin gode, amma ƙa'idar aiki ba ta ba ki dama ba. Kada ki yi a gaban jama'a, kada ki kunyata shi. Za a yi miki tsegumi na mako biyu. Bayan nan ambulan zai riƙa tsallake teburinki, kuma za ki ga masu tsegumin su ne ke kawo miki ajiya.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikacin sashen gona ne. Ina da gona, ina kuma da shagon sayar da taki da maganin feshi da na buɗe da sunan matata. An ce ma'aikaci ba ya kasuwanci, amma an ce noma ya halatta. Ina matsayina? (Daga wani malamin gona)

AMSA: Gonarka ba ta da matsala. Sakin layi na 2 na ƙa'idojin ɗa'a ya hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, amma ya ware noma. Shago kuwa kasuwanci ne, ko taki ake sayarwa a ciki. Sunan uwargida ba ya fitar da kai, domin sakin layi na 13 ya ce abin da jami'i ya yi ta hannun wakili ko wanda ya ɗora a gaba, shi ya yi. In shagon nata ne da gaske, jarinta ne, ita ke juya shi, wannan daban. Kai ka san wa ke riƙe da mabuɗi.

Abin da ya fi damuna ma ba ka tambaya ba: malamin gona da ke ba manoma shawarar maganin da za su saya, kuma maganin na nan a shagon gidansa. Ranar rabon takin gwamnati kuwa, in sunanka ya fito cikin kwamiti, ka nemi a cire ka.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne, ba ma'aikaci ba. A ƙaramar hukumarmu kusan duk allon aiki sunayen kamfanoni biyu ne a jiki, kuma ana raɗe-raɗin na surukin shugaba ne. Ina so in yi magana amma an ce ɓata lokaci ne. Zan iya ganin takardar kadarorin da shugaban ya cike? Ina zan kai ƙara? (Daga wani matashi)

AMSA: Ɗana, raɗe-raɗi ba ya tsayawa a gaban alƙali, kuma in ka hau Facebook ka kira mutum ɓarawo ba hujja, kai za a fara kamawa. Ka fara da abin da idonka ya gani. Ka ɗauki hoton kowane allo, da sunan kamfani da irin aikin da wurin. Ka bi sunayen a hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana masu iko da kamfani na haƙiƙa, kuma akwai rajistarsu a intanet. Wani lokacin ba sunan surukin za ka gani ba, na direbansa ne ko na ɗansa, ko kuma ka tarar kamfanonin biyu adireshinsu ɗaya. Wannan ma hujja ce. Sannan ka rubuta wa ƙaramar hukumar kana neman jerin kwangilolin da aka bayar da waɗanda suka nema, ka kafa hujja da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Mai yiwuwa su yi banza da kai. Shirun nasu ma ka ajiye shi, zai yi maka amfani.

Takardar kadarori kuwa, a nan zan ɓata maka rai. Doka ta wajabta wa shugaban ya cike ta da zarar ya hau kujera, da bayan kowace shekara 4, da ranar sauka, har da abin da 'ya'yansa marasa aure 'yan ƙasa da shekara 18 suka mallaka. Duk dukiyar da ta ƙaru daga baya wadda samunsa na halal bai isa ya bayyana ta ba, ana ɗaukar ta a matsayin ta haram sai ya wanke kansa. Kundin tsarin mulki ya ce Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ta bar 'yan ƙasa su duba waɗannan takardu bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya, hukumar kuma ta sha fakewa da cewa ba a gindaya sharuɗɗan ba. Ni a ganina wannan ne babban ramin da ke cikin tsarin. Takardar da maƙwabcin mutum ba zai gani ba, wa zai ce an manta da gidan da ke bayan layi?

Duk da haka ƙofar ƙara a buɗe take. Koke kan karya ƙa'idojin ɗa'a Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ake kai wa, ita kuma ta miƙa wa Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, wadda ke da ikon sauke mutum daga kujera, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta ƙwace dukiyar da aka tara ta hanyar muƙamin. Sai dai kotun mutum uku ce, shugaba da mambobi biyu, ga ƙasa guda, saboda haka kada ka sa ran sauri. ICPC ma tana karɓar koke, kuma tana da ofisoshi a jihohi.

Masu ce maka ɓata lokaci ne, ka ba su labarin Bell, wani ƙaramin gari kusa da Los Angeles a Amurka, mutanensa ba su kai 40,000 ba, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi. A 2005 aka yi ƙuri'ar sauya tsarin mulkin garin, mutanen da suka fito ba su kai 400 ba, kuma wannan sauyi ne ya sakar wa shugabannin mara suka riƙa yanka wa kansu albashi. Zuwa 2010 manajan garin, Robert Rizzo, yana karɓar kusan dala 800,000 a shekara, kusan ninki biyu na albashin shugaban Amurka. 'Yan jaridar Los Angeles Times ne suka nemi takardun albashi bisa doka suka buga, a 2014 aka yanke masa shekara 12. Dokokin suna nan tun farko, mai tambaya ne babu. Mu kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, masu tambaya irinka sun ƙara zama abin buƙata, domin in kuɗi ya matso kusa da gida, dangi ma matsowa suke yi.

In za ka rubuta koken, ka taƙaita. Shafi ɗaya ko biyu: aiki kaza, kamfani kaza, ranar kaza, ga alaƙar da na gano, ga takardar da ta nuna. Ban da zagi, ban da abin da ka ji a majalisar hira. Ka sa sunanka na gaskiya, kuma in da hali ku sa hannu ku da yawa, don kada a ware ka kai kaɗai. Ka yi kwafi biyu, ka sa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, ka adana shi inda ruwa da gara ba za su taɓa shi ba. In wata uku ya wuce shiru, ka sake rubutawa, ka ambaci kwanan watan wasiƙar farko.